Inda Gwaggo Take Yin Shiru

A gidanmu suna ba ya ƙarewa da yankan rago. Idan liman ya raɗa wa jariri suna, maza sun shafa fatiha sun raba goro, wanzami ya aske kan, to saura abu ɗaya, kuma mata ne ke yinsa a cikin ɗaki. Babbar macen gida za ta ɗora yaron a cinya, ta dangwali gishiri da ɗan yatsa ta taɓa masa a leɓe, sannan ta faɗa masa mutanensa ɗaya bayan ɗaya, tun daga na can sama har zuwa uban da ya haife shi. Muna ce wa abin faɗin mutane. Ban taɓa ganin ana yinsa a wani gida a Lafiya ba, kuma na ci shinkafar suna a gidaje da yawa, don ni ba a gayyata ta in ƙi zuwa.

Tun da na yi wayo Gwaggo ce mai wannan aiki, wato yayar babanmu. Gajeriyar mace ce, fara sol, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a tsohon gidanmu na cikin gari, kuma bakinta ya fi ƙuli-ƙulin nata yaji. Amma da ta ɗauki jariri sai muryarta ta sauka. Ba da sunan yanka take kiran mutanen ba, da abin da aka san su da shi ne.

“Ga mai jakuna,” in ji ta, “shi ya fara zama. Ga ɗansa mai farauta. Ga ɗan mai farauta, wanda ya haƙa rijiya. Ga 'yarsa, Iya mai gishiri.”

Daga nan sai ta yi shiru. Ta sunkuyar da kai, ta ɗan ja bakin mayafi ta rufe fuska, ɗakin ya yi tsit har a ji ƙarar taɓarya a tsakar gida. Can sai ta ɗago ta ce, “Ga ɗan da suka haifa, mai keken ɗinki,” wato kakanmu, ta gangaro har ta iso kan jaririn.

Mu yara mun ɗauka numfashi take ja, ko goro ne ya tsaya mata a wuya. Har wasa muke yi da abin. Mu naɗe totuwar masara a tsumma, mu shafa mata toka a madadin gishiri, in mun zo wurin sai mu dafe ƙirji mu zaro ido kamar za mu sume. Ranar da ta kama mu, wallahi har washegari kunnena yana zafi.

Abin da muka sani, kowa ma a unguwa ya sani, shi ne ana ce da mu gidan Jamus. Ko yau ka tsayar da mai keke napep wanda ya daɗe a gari ka ce masa gidan Jamus, zai kai ka har ƙofa. Ni abin bai taɓa damuna ba, don baƙa ce ni wuluk, mahaifiyarmu na ɗebo. Yayana, babban ɗan gidan, shi ya kwashe komai. Fata ja, gashi mai laushi da ba ya tsayawa, idanu kalar zuma. A firamare yara suna binsa da waƙa, ya dawo gida da riga a yage. Idan muka je gonar babanmu a Adogi lokacin haƙar doya, rana ta gasa masa wuya har fatar ta saɓule, 'yan ƙwadago kuma suna tsokanarsa wai Bature ya zo duba gona. Da ya girma ya je neman aiki, wani a wani ofis ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai ɗan asalin nan ne kuwa?” Yaya bai taɓa manta wannan tambayar ba. Mutum ne mai haƙuri da kyauta, amma ka kira shi Jamus ka ga yadda fuska ke canzawa.

Ban san ainihin labarin ba sai da na haifi 'yata ta fari na dawo gida wanka. Gwaggo ce ke yi mini, kuma hannunta bai san tausayi ba. Wata rana da hantsi tana matsar mai a bakin ɗakinta, ni ina zaune ina shan kunun kanwa, sai na ce, “Gwaggo, me ya sa ba kya shan ruwa kafin ki fara faɗin mutane? Kullum a wuri ɗaya numfashi ke yanke miki.”

Ta dube ni, hannunta sharkaf da mai. “Ke ga ki uwa, amma har yau kanki na totuwa ne. Wa ya ce miki numfashi ne?”

Ranar ta ba ni labarin, tana matsa tana magana. Iya mai gishiri kakarsu ce, ita da babanmu. Tana budurwa takan bi ayarin mata masu ɗaukar gishiri daga wajen Keana zuwa bakin Binuwai. A can akwai wani Bajamushe da ya gangaro daga wajen Kamaru shi da ƙanensa, suna sayen riɗi da man kaɗe suna lodawa a jirgin ruwa. A lokacin ƙasar da Jamus ke riƙe da ita ba ta da nisa da tamu, kogin kuma kowa nasa ne. Zazzaɓi ya kashe ƙanen, shi ma babban ya kwanta, ba mai ba shi ko ruwa. Matan gishiri ne suka riƙa dama masa kunu, Iya ce mai miƙawa. Da ya tashi sai ya nemi tafinta, ya taka da ƙafarsa har garinsu wurin ubanta mai rijiya. Tsohon ya kore shi. Ya dawo, aka sake korarsa. Ya yi ta sintiri har mutanen gari suka fara jin tausayinsa. Ƙarshe aka karɓi sadaki, aka ɗaura aure a gaban shaidu. Cikin kayan da ya kawo akwai bandir na yadi da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda har gobe ita ake ɗorawa a wuta duk ranar suna a danginmu.

Na ce, “Ya musulunta?”

“Wasu sun ce an yi masa wanka, wasu sun ce a'a. Ni ban gani ba, ba zan yi wa matacce ƙarya ba.”

Sun zauna a bakin kogi, ya koyi wata Hausa mai tsami, ya koyi cin tuwo da hannu. Sai yaƙin Turawa na farko ya tashi. Sojojin Ingila suka bi kogi suna tattara duk wani Bajamushe. Suka sa shi a jirgi suka gangara da shi, Iya tana tsaye a gaɓa da kakanmu a bayanta, bai ko fara rarrafe ba. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta jira har ta gaji, ta ɗora tukunyar a ka, ta biyo 'yan'uwanta zuwa Lafiya. Masu neman aure sun zo, don kyakkyawa ce, ta ce ita da igiyar wani a kanta.

“To sunansa fa?” na tambaya.

Gwaggo ta ajiye ƙullin da ke hannunta. “Mace tana kiran sunan mijinta ne?”

Haka sunan ya ɓata. Tafinta ya tafi, mai rijiya ya rasu, sauran mutane kuwa harshensu bai taɓa iya juya shi ba, Jamus kawai suke cewa. Mutum ɗaya ce ta san shi daidai, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Kakanmu da ya girma ya taɓa tsare ta da tambaya, sai ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ita ce ta fara faɗin mutane, saboda jikokinta ba su da dangin kaka na wajen uba da za su zo suna, sai ta ce bari ta faɗa musu waɗanda suke da su. Idan ta faɗi kanta, saura mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Gwaggo tana gefen gwiwarta tun tana yarinya, ta haddace abin duka, har da wurin da ba a magana.

“Shirun nan shi ne shi,” in ji Gwaggo. “Ba mu da kabarinsa, ba mu da hotonsa, ba mu san garinsu ba. In aka cire shi, kakanki daga sama ya faɗo ke nan.”

Tun daga ranar, duk sunan da aka yi, idan aka zo wurin sai in ji tsigar jikina ta tashi. Shekaru suka yi ta tafiya. Babanmu ya rasu, Yaya ya zama uban gida. Ya yi gini a Azuba, gida mai tayil da get na ƙarfe, lokacin wurin duk gonaki ne, yanzu kuwa sai ka yi tambaya kafin ka gane layin. Gwaggo ta ƙi barin cikin gari, wai ita ba za ta je daji ta mutu ba.

Sai abin da muke yi mata wasa da shi muna yara ya same ta da gaske. Numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ƙirjinta ya riƙa yin wani fito, kana tsakar gida kana ji. A sunan jikan wata ƙanwarmu ta dage sai ta yi da kanta. Ta faɗi mai jakuna ta tsaya tana haki. Ta faɗi mai farauta ta tsaya. Ta faɗi mai rijiya ta tsaya. Da aka zo kan Iya ta tsaya, ba wanda ya bambance wannan tsayawar da sauran. Bayan an watse na same ta tana share hawaye, kuma na san na takaici ne, don Gwaggo ba ta kukan ciwo.

“Na ɓatar da shi a cikin haki,” ta ce. “Na gaba ke za ki yi.”

Na gaban kuwa ba ƙaramin suna ba ne. Matar babban ɗan Yaya ce ta haihu, namiji, jikansa na fari. Iyayen yarinyar tsofaffin 'yan cikin gari ne, irin gidajen da ke ƙirga asalinsu har Barno ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Mutanen kirki ne, ba ruwansu. Amma lokacin binciken aure sun yi 'yar tambaya a kan farin gidanmu, Yaya kuma ya ce musu jinin Fulani ne. Sunan gidan Jamus ma ya ce laƙabi ne kawai na zamanin da.

Ana jibi suna ya zo gidana da la'asar. Na kawo masa ruwa bai sha ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, na san da magana.

“An ce ke za ki yi faɗin mutane.”

“Haka Gwaggo ta ce, Yaya.”

“To ki yi shi a miƙe. Daga Iya ki wuce kan Kaka, kada ki tsaya. Ɗakin zai cika da surukai. Kina yin shiru za a tambaya, ana tambaya sai an ba da amsa.”

“A ba da mana. Sata muka yi?”

“Ke ba ki san komai ba,” ya ce, muryarsa a ƙasa. “Ke ba a taɓa bin ki da waƙa ba. Kin san abin da za su ce? Za su ce Turawan lokacin ajiye mata suke yi a bariki, ba aure ba. Za su ce Kaka ba shi da uba. Wa ya ga ɗaurin auren? Tukunya? Tukunya ko a kasuwa ana sayarwa. Ba na son yaron nan ya tashi da abin da na tashi da shi.”

Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi yawa, don gaskiya ya faɗa, ni ba a taɓa bi na da waƙa ba. Sai na ce, “Yaya, in tambaye ka. Anti ta taɓa kiran sunanka?”

Anti matarsa ce, sun tsufa tare. Duk dangi sun san labarin ranar da aka kwantar da shi a asibiti, nas ta tambaye ta sunan maigidanta, baiwar Allah ta yi ta kame-kame tana murza bakin zane, sai da aka kira ɗanta a waya ya faɗa. Har yau muna tsokanarta da shi.

“Me ya kawo wannan?” ya ce.

“Macen da aka ajiye a bariki ba ta jin nauyin sunan namiji, kiransa take gatsau. Iya ta tsufa tukuf, ta ga jikoki, har ta koma ga Allah ba ta iya buɗe baki ta faɗi sunan mutumin nan ba. Wace shaida kake nema bayan wannan?”

Ya daɗe yana kallon hular, sannan ya sa ta a ka ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, “Ki dai yi yadda na ce.”

Washegari na hau keke na je cikin gari wurin Gwaggo don in maimaita a gabanta. Ban gaya mata zancen Yaya ba, amma tsohuwar nan ba a ɓoye mata abu. Na jero mutanen, na zo wurin na ɗan tsaya na wuce.

“Wa ke bin ki?” ta ce. “Sake.”

Na sake. Ta ce na yi sauri. Na sake, ta ce yanzu kuma na zauna kamar mai jiran mota.

“To Gwaggo, yaya tsawonsa yake? Ki faɗa mini in sani.”

“Ba a aunawa,” ta ce, ƙirjin yana fito. “In kin zo wurin za ki sani. In kuma wancan yayan naki mai jan kunne ya hana ki, ki faɗa mini tun yanzu, kada in wahalar da kaina zuwa Azuba.”

Na ce mata ta shirya, za a zo da mota. Amma Allah ya sani, ban yanke shawara ba. Yaya uba ne a wurina, shi ya yi mini komai bayan Baba, kuma gidansa ne, jikansa ne, surukansa ne. Gwaggo kuwa kowa ya dube ta ya san wannan ne sunan da za ta halarta na ƙarshe.

Ranar suna tun da safe an kafa rumfa a ƙofar gida, tukunya mai ƙafa uku tana bayan gida a kan wuta, an cika ta da shinkafa. Aka raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aikinsa. Aka shigo da Gwaggo a hankali aka zaunar da ita a kan katifa, aka jingina ta da filo. Ɗakin mai jego ya cika maƙil, namu a gefe ɗaya, surukai a ɗaya gefen, turare da zafi, fanka tana juyawa ba ta yin komai. A cikin duk surutun nan ana jin fiton ƙirjin Gwaggo yana shiga yana fita.

Aka miƙo mini yaron. Kansa sabon aski, jajir, yana barci. Anti ta kawo gishiri a murfin kwano, tana satar kallona, don ita ma ta san zancen. Na dangwala na taɓa masa a leɓe, ya yamutsa fuska. Mata suka yi dariya, aka yi shiru.

“Ga mai jakuna,” na ce, “shi ya fara zama. Ga ɗansa mai farauta. Ga ɗan mai farauta, wanda ya haƙa rijiya.”

A nan na ga labule ya motsa. Yaya ne tsaye a bakin ƙofa da ledar goro a hannu, wai ya kawo wa mata nasu. Maza ba sa zuwa wurin nan, shi ma ya sani.

“Ga 'yarsa, Iya mai gishiri.”

Ban shirya ba, kaina ne ya sunkuya da kansa. Na ji hannuna ya kai bakin mayafi. Wata irin kunya ta rufe ni, ta mutumin da ban taɓa gani ba, kuma na kasa ɗagowa ko da na so.

Kakar yaron ta wajen uwa, wata Hajiya mai fara'a, ta leƙo ta ce cikin tausayi, “Ayya, baiwar Allah ta manta. A tuna mata mana.”

Sai daga bakin ƙofa na ji muryar Yaya, a dishe.

“Hajiya, ba mantawa ta yi ba. Kakan babanmu ne a wurin nan, mijin Iya. Bajamushe ne. Ku ɗan ba shi wuri.”

Ɗakin ya yi tsit. Ina sunkuye ina kallon kan yaron, sai na lura da wani abu. Shirun ya yi yawa. Fiton nan da muka saba ji ba dare ba rana ya ɗauke. Gabana ya faɗi, na saci kallo ta ƙarƙashin mayafi. Gwaggo tana zaune, ta rufe fuska da gefen zanenta, kafaɗunta a ɗage, jijiyar wuyanta ta tashi. Riƙe numfashinta ta yi, don kada hakinta ya shiga wurinsa.

Na ɗago da sauri na ce, “Ga ɗan da suka haifa, mai keken ɗinki.”

Ta saki numfashin da wani tari mai ƙarfi har sai da aka ruga aka kawo ruwa. Na gangaro da sauran mutanen, na faɗi Baba mai gonar doya, na faɗi Yaya, na faɗi ɗansa, na iso kan yaron. Da na duba ƙofa Yaya ya tafi, ya bar ledar goron a ƙasa.

Na miƙa jaririn ga uwarsa na matsa kusa da Gwaggo ina shafa mata baya. Na ce, “Haba Gwaggo, so kike ki kashe kanki a gidan mutane?”

Ta kama hannuna, tana haki, idonta jajir.

“Kin tambaye ni tsawonsa,” ta ce. “To, tsawonsa ke nan.”